Babi na Shida: Aikin Yana Bakin Waya

Duk lokacin da gobara ta tashi a gida ko a kasuwa aka rasa abin da za a kama, sai a ce wutar lantarki ce. Wannan amsa takan kashe bakin kowa, amma ba ta bayyana komai ba, domin lantarki ba ya tayar da gobara a duk inda ya ga dama. Wayar da aka zaɓa daidai da nauyin da za ta ɗauka, aka zura ta cikin bututu, ɓera bai ci ba, ƙusa ba ta huda ba, tana iya yin shekara talatin ba ta ba kowa ciwon kai ba. Rauninta yana bakinta ne, wato wurin da aka fere roba aka cusa jan ƙarfe cikin soket ko makunni ko bireka, ko inda aka haɗa ta da wata wayar a cikin silin. Gida mai ɗaki uku da falo yana da irin waɗannan mahaɗai fiye da ɗari. Ita wayar inji ne ya yi ta a masana'anta, aka gwada ta kafin ta fito, amma kowace mahaɗa hannun mutum ne ya yi ta, sau da yawa a kan tsani, cikin zafi, mai gida yana tsaye yana tambayar yaushe za a gama. Abin da wannan babi yake son tabbatarwa shi ne cewa ƙwarewar mai wayarin a bakin waya ake gane ta, kuma kayan aikin da suka dace da dabarun da suka dace a wannan ɗan wuri su ne ginshiƙin tsaron gida daga gobara, ba ƙawa ba ne da za a bar wa manyan kamfanoni.

Sai mu fara da abin da ke faruwa idan ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A ido, waya da bakin soket sumul suke, amma da za a duba su da madubin ƙara girma, sai a ga duk tudu da kwari ne. Idan aka haɗa su, ba dukkan fuskar ce ke taɓa 'yar'uwarta ba, 'yan tsirarun ɗigo ne kawai, kuma ta waɗannan ɗigo duk wutar za ta bi, kamar jama'ar da ta taso daga filin Idi ta tarar ƙofa ɗaya ce a buɗe. Matsi shi ne ke faɗaɗa ɗigon ya kuma ƙara yawansu. In matsin ya yi kyau, wuta ta wuce ba cikas. In ya yi sako-sako, sai a sami abin da masana ke kira turjiya, wadda ake aunawa da ohm, kuma duk inda wuta ta gamu da turjiya zafi ne ke fita. Tun farkon shekarun 1840 wani masanin Ingila, James Prescott Joule, ya gano ƙa'idar wannan zafi: a ninka yawan wutar da ke gudana da kanta, sannan a ninka da turjiyar wurin. Ma'anarsa, idan wutar da ke bi ta mahaɗa ta ninku sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa, idan ta ninku sau goma kuwa, sau ɗari.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna girman abin. Hitar ruwa mai cin wat 2,300 a kan layin volt 230 tana jan amfiya 10. A ce notin da ke riƙe waya a bayan soket ɗinta ya yi sako-sako har turjiyar wurin ta kai rabin ohm. Goma sau goma ɗari ke nan, rabin ɗari kuwa 50, wato wat 50 na zafi a wurin da bai kai faɗin farce ba. Ƙarfen narka dalma da masu gyaran rediyo ke aiki da shi yawanci wat 30 zuwa 60 ne, don haka zafin da ke bayan wannan soket ya kai na kayan da aka ƙera musamman don narka ƙarfe. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5, irin wadda ake ja wa soket, sai ta haura mita 60 a tsawo kafin turjiyarta ta kai rabin ohm, kuma ita tana watsa zafinta ne a duk tsawon nan. A mahaɗa kuwa wuri ɗaya ya taru. Robar PVC da ke jikin wayar gida an yi ta ne don ta jure digiri 70 a ma'aunin Selsiyos. Da zarar an daɗe ana wuce haka sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsage, daga baya ta koma gawayi, shi kuwa gawayi wuta na bi ta cikinsa.

Abin da ya fi muni shi ne cewa mahaɗar da ta fara lalacewa ita ke ƙara lalata kanta. Zafi yana buɗa ƙarfe, sanyi yana tsuke shi. Kullum aka kunna kaya aka kashe, waya takan kumbura ta motse a ƙarƙashin noti, kuma kowane zagaye yana rage matsin kaɗan. Ratar da ta samu iska ke shiga, iska ta haifar da tsatsa a fuskar ƙarfe, tsatsa ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi, zafin kuma ya gaggauta tsatsar. A haka ake tafiya watanni ko shekaru har ranar da wurin zai yi jajir ko ya fara tartsatsi. Yanayinmu yana ƙara wa wannan zagaye gudu. Inda ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da yawa a yini, a sauya zuwa janareta, a koma inbata, mahaɗa tana zafi tana sanyi fiye da ta ƙasar da wuta ke tsaye. Cikin silin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya riga ya yi zafi tun kafin a kunna komai. Girgizar janareta tana kwance noti. Idan wuta ta zo da rauni, injin firij da na famfon ruwa sukan ja amfiya fiye da ƙima. Ga ƙurar hunturu, ga laimar damina. Saboda haka aikin da zai iya lallaɓawa a wata ƙasa, a nan da wuri yake tona asirin mai shi.

Mai gida zai iya cewa ai don haka aka sa bireka, in wani abu ya lalace za ta faɗi. Wannan fahimta ce ta sa mutane da yawa suke kwana da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Bireka da fis yawan wutar da ke wucewa suke kallo. Idan layif ya taɓa nutural, ko aka ɗora wa layi kaya fiye da ƙarfinsa, amfiya ta hau, sai su yanke. Amma a misalin hitar nan amfiya 10 ce ke gudana, har ma ta ɗan ragu saboda turjiyar da ta ƙaru, don haka bireka mai lamba 20 ko 32 ba ta ga laifin komai ba. Na'urar da ke yanke wuta idan ta zurara zuwa ƙasa ita ma shiru za ta yi, har sai robar ta ƙone wutar ta sami hanyar zurara, lokacin kuwa mai yiwuwa katakon silin ya riga ya kama. A Ingila sai da abin ya kai ga canza doka. Hukumar kashe gobara ta Landan ta lura da yawaitar gobarar da ke tashi daga cikin akwatin bireka kansa, kuma notin da ba a ɗaure da kyau ba yana cikin manyan dalilan. Daga watan Janairun 2016 ƙa'idar wayarin ta ƙasar, BS 7671, ta wajabta cewa akwatin bireka na gidajen zama ya kasance na abin da ba ya cin wuta, wato a aikace na ƙarfe maimakon roba. Akwatin da aka sa don ya tsare gida shi ne ke ƙonewa, kuma daga bakin waya.

Hujja mafi ƙarfi daga Amurka ta zo. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 jan ƙarfe ya yi tsada, sai magina suka koma ja wa gidaje wayar alminiyom, har gidaje wajen miliyan biyu. A lissafi ba su yi kuskure ba: alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, don haka aka ƙara masa kauri. Tsakiyar wayar lafiya lau take, bakinta ne ya zama bala'i. Alminiyom ya fi jan ƙarfe buɗewa da zafi, yana da laushin da ke sa ya riƙa zamewa a hankali daga ƙarƙashin noti, kuma da ya sha iska sai wata fata ta rufe shi wadda wuta ba ta bi ta cikinta. A watan Afrilun 1974 mutum biyu suka rasu a gobarar wani gida a Hampton Bays da ke jihar New York, kuma bincike ya nuna mahaɗar alminiyom ce a bayan soket ta yi zafi. Binciken da aka yi wa hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar, CPSC, ya nuna cewa gidan da aka ja wa irin wannan waya kafin 1972 ya ninka gidan jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar samun mahaɗar da ta kai matsayin tayar da gobara. Abin lura shi ne maganin da hukumar ta amince da shi ga wanda ba zai iya canza wayar gaba ɗaya ba: a bar ta cikin bango, a gyara kowane baki ta hanyar matse masa guntun jan ƙarfe da wani maƙali na musamman da na'ura ta musamman.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin wayar da ke saukowa daga falwaya zuwa gida a garuruwanmu galibi alminiyom ce, ta cikin gida kuwa jan ƙarfe, kuma dole su haɗu a wani wuri. Abin da aka saba gani shi ne a murɗe su tare a bar su a sarari. Ƙarfe biyu mabambanta idan suka haɗu da laima, ɗaya yakan ci ɗaya, kuma alminiyom ne ke ciyuwa, ya koma farin gari. Maganinsa sananne ne: maƙali mai ƙarfe biyu, gefe ɗaya alminiyom gefe ɗaya jan ƙarfe, waɗanda aka haɗe tun daga masana'anta, a goge bakin alminiyom da burushin ƙarfe, a shafa masa man da ke hana iska taɓa shi, sannan a matse. Akwai kuma wayar da ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyom ce aka yi wa rufi. Mai aikin da ya san hannunsa yakan kankare bakinta da wuƙa ya duba, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja ya san abin da ke hannunsa, ya kuma ƙi aiki da ita.

Aikin mahaɗa daga fere roba yake farawa, kuma a nan ake fara ɓata shi. Wanda ya fere da reza ko da bakin filaya yakan ɗan tsaga jan ƙarfen ba tare da ya lura ba. A waya mai sili ɗaya wannan tsaga ita ce inda za ta karye ranar da aka lanƙwasa ta ana tura soket cikin bango. A waya mai sili bakwai, in biyu suka gutsure aka ci gaba da aiki, an rage mata kusan kashi 30 cikin ɗari na kaurinta daidai wurin da ta fi bukatarsa. Wanda ya ƙona robar da ashana kuwa ya bar wa ƙarfen baƙin hayaƙi da tsatsa tun kafin a kunna wuta. Filayar fere waya tana da huda-huda, kowace da lambarta, 1.5 ko 2.5 ko 4 ko 6, kuma an auna kowace ta yanke roba ta tsaya kafin ta taɓa ƙarfe. Tsawon abin da aka fere shi ma da ƙa'ida. In ya yi gajarta, noti zai hau kan roba, a ji kamar ya ɗauru alhali ƙarfen da ƙyar yake taɓawa. In ya yi tsawo, jan ƙarfe zai leƙo tsirara a waje yana jiran yatsa ko wata wayar. Idan wayar za ta zagaye noti ne, sai a lanƙwasa ta ta bi hanyar da notin ke bi wajen ɗauri, domin ɗaurin ya ƙara jawo ta ciki maimakon ya tofar da ita. In siririya ce ramin kuma da faɗi, a ninke bakinta biyu ya cika ramin. Bayan an gama a ja ta da hannu a ji ko za ta motsa.

Sai maganar ɗauri. Yawancin masu aiki za su ce hannunsu ya san ƙarfin da ya dace, kuma gaskiya ne gogaggen hannu ya fi na ɗan koyo. Amma hannu ɗaya da safe daban, da yamma bayan an ɗaure noti ɗari daban, a ƙasa daban, a kan tsani daban. Kuskuren ta fuska biyu yake zuwa. Rashin ɗauri mun ga abin da yake haifarwa. Wuce gona da iri kuma yana latse waya har ta sirance, ya gutsure silinta, ko ya cinye zaren notin ta yadda zai riƙa juyawa ba ya kamawa. Shi ya sa masu ƙera bireka suke rubuta ƙarfin ɗaurin da suke so, wanda a ƙananan bireka da yawa yake wajen 2 zuwa 3 a ma'aunin newton-mita, kuma akwai sukundireba da ake saita wa lamba, in ta kai sai ta yi ƙas ta daina juya notin. Ƙa'idar wayarin ta Amurka ta shekarar 2017 ta wajabta amfani da irin wannan kaya a duk inda mai ƙera abu ya ba da lamba. Ƙasar da ke da makarantun koyon sana'a da lasisi da masu duba aiki ta yanke hukuncin cewa hannu kaɗai bai isa ba. Ko wanda bai mallaki wannan ba, wajibi ne bakin sukundirebarsa ya dace da kan notin, kuma ya daina ɗauri da testa, domin siririn bakinta ba a yi shi don ɗaukar ƙarfi ba.

Waya mai laushi, wadda silinta suke da yawa kamar gashi, tana da nata hukunci. Noti yakan tarwatsa silin, wasu su tsere gefe, wasu su yanke. Wasu masu aiki, da kyakkyawar niyya, sukan shafe bakin da dalma ya zama dunƙule ɗaya kafin su ɗaure, suna ganin sun ƙara inganci. Wannan kuskure ne da ƙa'idojin wayarin suka yi gargaɗi a kansa. Dalma tana da laushi, a ƙarƙashin matsi takan ci gaba da lotsawa a hankali, bayan 'yan watanni notin da aka ɗaure tamau sai a same shi sako-sako, kuma irin dalmar da aka saba da ita tana narkewa tun wajen digiri 183. Abin da ya dace shi ne 'yar hular ƙarfe da ake kira ferul. A zura silin duka a ciki, a matse da filayarta, bakin ya koma dunƙule mai ƙwari wanda noti zai kama ba tare da ya yanke ko sili ɗaya ba. Dalma tana da gurbinta a cikin rediyo da talabijin, inda ba noti ke riƙe waya ba.

Matsewa da maƙali ta samo asali ne daga inda kuskure ke cin rai nan take. A 1941 aka kafa kamfanin AMP a Amurka, wanda ya yi suna wajen haɗa wayoyin jiragen sama da na ruwa ba tare da dalma ba a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin mahaɗar da aka matse ta fi jure girgiza kuma ba ta dogara da gwanintar mai narka dalma. Idan aka matse log, wato maƙalin ƙarfen da ake sa wa bakin waya, da bakin filayar da ya dace, silin waya da jikin log sukan cure su zama kamar ƙarfe ɗaya, ba ratar da iska za ta shiga. Filayar matsewa ta ƙwarai tana da haƙoran da ba sa sakinta sai an kai ƙarshen matsi, don haka gajiyayyen hannu ba zai tsaya a rabi ba, manyan kebul kuwa da ta haidirolik ake matse su. Abin da ake yawan gani a maimakon haka shi ne a ɗora log a kan dutse a buga masa guduma. Ya baje, ya yi kamar ya kama, amma cikinsa rami ne. Yaɗuwar sola ta sa wannan ya zama babbar magana. Inbata mai ba da wat 2,400 daga batir mai volt 24 tana jan amfiya 100 ko fiye. A irin wannan wuta, turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ohm ba tana fitar da wat 100 na zafi a kan batir. Ƙari a kan haka, wutar layi tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, abin da ke taimaka wa tartsatsi ya mutu, amma wutar batir da ta faifan sola a miƙe take, in tartsatsinta ya kama yakan ci gaba da ci.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na tsofaffin hannu: shekara da shekaru muna murɗe waya mu naɗe da baƙin salatif, ga gidajen nan tsaye. Akwai gaskiya a ciki, domin murɗin da aka yi da kyau a kan layin ƙwan fitila yana iya daɗewa. Amma na farko, gidan da aka ja wa waya don fitila da fanka da rediyo, yau shi ke ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki da hita da dutsen guga da injin ruwa, kuma mun ga yadda zafi ke ninkuwa idan amfiya ta hau. Na biyu, murɗi ba shi da abin da ke ci gaba da matse shi. Ranar da aka yi shi ita ce ranar da ya fi ƙarfi, daga nan sai raguwa, shi kuwa salatif rufi ne kawai, gam ɗinsa yana bushewa a zafin silin ya warware. Na uku, mai aiki gidajen da suka tsira yake gani. Wanda ya ƙone bayan shekara shida ba a kiransa a nuna masa, kuma wutar ta riga ta cinye shaidar. Shi ya sa ƙa'idar BS 7671, wadda tsarin wayarin Nijeriya ya gaji abubuwa da yawa daga gare ta, ta bukaci kowace mahaɗa ta kasance mai ɗorewa ta fuskar wuta da ta ƙarfi, a cikin akwati, kuma in mai noti ce a inda za a iya buɗewa a duba. Akwai kuma maƙalai masu sifirin, irin waɗanda kamfanin Wago na Jamus ya yi suna da su. Wasu suna raina su don ƙanƙantarsu, alhali sifirin yana bin waya duk yadda ta kumbura ko ta motse, abin da noti ba ya yi. Sharaɗin shi ne a sami na asali, a kiyaye amfiyar da aka rubuta a jiki, a fere daidai tsawon da aka nuna, wanda a samfurin 221 na ƙananan wayoyi milimita 11 ne.

Wasu kuma za su ce ana ɗora wa mai wayarin laifin da ba nasa ba, ai kamfanin rarraba wuta ne ke kawo ta da ƙarfi, 'yan kasuwa kuma suna sayar da jabun waya. Duka biyun suna faruwa, kuma Hukumar SON mai kula da ingancin kaya takan kama waya marar inganci a kasuwanni. Sai dai abin da ake kira an kawo wuta da ƙarfi, sau da yawa shi ma labarin mahaɗa ne. A layi mai fes uku, idan nutural ya kwance ko ya ciyu a taransifoma ko a kan falwaya ko a akwatin gida, wutar da ya kamata ta tsaya a volt 230 tana iya hawa ta doshi 400 a wasu ɗakuna, ta ƙone duk abin da ke jone. Noti ɗaya ne ko murɗi ɗaya ya jawo. Jabun waya kuwa, wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba, ta fi saurin zafi, don haka ta fi gaggauta lalacewar bakinta. Rashin tsayayyiyar wuta da rashin tabbas a kan kaya dalilai ne na ƙara kula da mahaɗa, tunda ita ce kaɗai abin da ke hannun mai aiki ɗari bisa ɗari.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan ba mai aiki kaɗai ke da alhaki ba. Filayar fere waya da ta matsewa da sukundireba mai auna ɗauri suna da tsada ga wanda ke neman na cefane, amma sau ɗaya ake sayensu a yi shekaru ana mora, kuma ferul da log da akwatin mahaɗa ƙaramin kaso ne a kuɗin ginin gida. Matsalar ita ce aikin bakin waya ba ya ganuwa. Mai gida yana ganin tayil da fenti ya biya ba gardama, amma ya tsaya yana ciniki da mai wayarin har sai ya kai shi inda dole ya yi sauri ya rage kaya, sannan ya ba wanda ya fi araha. Araha kuwa ba ta ado. Wanda ya yi aiki da ƙa'ida zai ɗauki lokaci fiye da mai murɗi da salatif, kuma ranar da aka kunna wuta fitilar kowa za ta kama, bambancin sai bayan shekaru. Muddin kasuwa ba ta bambanta su ba, mai gaskiya ne ke asara. A nan ne aikin hukuma yake. NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da hurumin duba wayarin da ba masu aikin takardar shaida a Nijeriya, kuma ƙungiyoyin masu sana'ar suna da ikon sa wa 'yan koyo sharaɗin mallakar waɗannan kaya da iya aiki da su kafin a yaye su.

Tunda ido ba ya ganin ingancin mahaɗa, gwaji ne ke tsaya mata shaida. Kafin a taɓa komai a kashe wuta daga tushe, har da janareta da inbata, a tabbatar da mita cewa layin ya mutu, a kuma gwada mitar a kan wuta mai rai kafin da bayan haka, domin fitilar testa tana iya yaudara. Kayan hannu su kasance masu rufin da aka rubuta wa volt 1,000. Bayan an gama aiki, mitar auna ƙaramar turjiya za ta nuna ko layi ya haɗu daga farko zuwa ƙarshe, musamman wayar atin, wato mai zuwa ƙasa, wadda in ta kwance ba abin da zai nuna sai ranar da mutum ya taɓa firij. Gwajin roba da volt 500 zai nuna ko an ji wa waya rauni, kuma bai kamata sakamakon ya gaza megohm 1 ba. Idan aka kunna kaya suka yi aiki na ɗan lokaci, na'urar auna zafi daga nesa za ta nuna notin da ya fi 'yan'uwansa ɗumi. Mazauna gida su ma suna da nasu alamomi: soket da ya yi ruwan ƙasa a gefen rami, filogi mai zafi a hannu, ƙarar zizz a makunni, fitilar da ke ƙyafta ido idan firij ya tashi, ko wari mai kama da ƙarnin kifi a ɗakin da ba kifi, wanda robar wasu soket ke fitarwa idan ta gasu. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya kashe layin ya kira mai gyara a ranar.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki rabonsa. Mai koyar da sana'a ya sa yaronsa ya yi ta fere waya da matse log a kan tebur, ana yanka abin da ya matse ana duba cikinsa, kafin a bar shi ya hau tsani. Mai aiki ya sa kuɗin ferul da log da akwati da lokacin gwaji a cikin lissafinsa, ya kuma iya bayyana dalilinsu ba tare da jin nauyi ba. Mai gida, kafin ya ba da aiki, ya nemi ganin jakar kayan mai wayarin, ya tambaye shi yadda zai haɗa alminiyom da jan ƙarfe, ya hau ya leƙa silin kafin a rufe, ya nemi a rubuta masa sakamakon gwaji. Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi da sanin abin da yake yi, shi ya cancanci aikin, kuma ya cancanci a biya shi kuɗin da ya faɗa.